Josephine Bakhita: Baiwar da Ta Yafe, Ta Kuma Ƙi Komawa

Josephine Bakhita mutuniyar Darfur ce, a yammacin Sudan. An haife ta wajen 1869, aka sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu har ta ƙare a ƙasar Italiya. A can ta sami 'yanci, ta karɓi baftisma, ta zama sista, ta kuma rasu a 1947. Ikkilisiyar Katolika ta sa ta cikin jerin waliyyai ranar 1 ga Oktoba 2000, ana kuma tunawa da ita kowace 8 ga Fabrairu.

Mafi yawan waɗanda suka san sunanta sun san ta ne da magana ɗaya. An taɓa tambayarta abin da za ta yi in ta haɗu da waɗanda suka sace ta, sai ta ce za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu. Ana yawan kawo wannan a wa'azi kan gafara, sau da yawa kuma ana yanke shi daga sauran labarin. Amma matar da ta faɗi haka ita ce ta tsaya gaban hukuma a birnin Venis ta ce ba za ta bi uwarɗakinta ta koma bauta ba. Sai an riƙe abubuwan nan biyu tare za a gane ta, a kuma gane abin da Katolika ke koyarwa game da gafara.

Yarinyar da ta manta sunanta

Ƙauyensu Olgossa ne, a yankin Nyala, mutanenta kuwa ƙabilar Daju ne. Mahaifinta ɗan'uwan dagacin ƙauyen ne. Lokacin ba na zaman lafiya ba ne. Turkawa da Masarawa suna mulkin Sudan tun 1821, a 1874 kuma babban dillalin bayi Zubairu Rahma ya ci masarautar Darfur da yaƙi. Mai karatu zai gane irin mutanen da ake magana a kansu in ya tuna cewa Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893, a rundunar wannan Zubairun ya fara tashe. An riga an sace yayar Bakhita tun da fari. Ita kuma wajen 1877, ba ta kai shekara goma ba, wasu mutum biyu ɗauke da makamai suka tare ta a bayan gari suka yi gaba da ita.

Firgitar da ta yi ta sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, har ta mutu bai dawo mata ba. Masu satar ne suka kira ta Bakhita, kalmar Larabci mai nufin mai sa'a. Aka kora ta a ƙasa, ba takalmi, tafiyar kusan kilomita 960 zuwa El Obeid a Kurdufan, kafin a kai kuwa an riga an sayar da ita sau biyu. A hanya ta taɓa gudu tare da wata yarinya, suka faɗa hannun wani mutum da ya nuna kamar zai taimake su, shi ma ya kulle su ya sayar.

A El Obeid wani attajiri Balarabe ya saye ta don ta yi wa 'ya'yansa mata biyu hidima. Wata rana ɗansa ya yi mata dukan da ya kwantar da ita fiye da wata guda. Daga nan ta koma gidan wani janar na sojan Turkiyya, inda matarsa da surukarsa suka mai da bulala abincin kullum. A gidan ne aka yi mata tsaga. Aka kira wata mata ta zo da garin fulawa da gishiri da aska. Ta zana zane a jikinta da garin, ta bi zanen da aska, sa'an nan aka yi ta cusa gishiri cikin yankan don tabon ya fito sosai. Bakhita da bakinta ta ce yanka 114 ne, a ƙirji da ciki da hannun dama. Mu da muka san tsagar gado, wadda ke nuna ɗan wane gida ne mutum, sai mu lura wannan dabam ce: ado ne da mai kaya ya yi wa kayansa.

Tawayen Mahadi, wanda ya tashi a 1881, shi ya juya rayuwarta. Da mayaƙansa suka matsa wa El Obeid, janar ɗin ya kwashe iyalinsa, a Khartum kuma ya sayar da Bakhita ga wani jami'in jakadancin Italiya mai suna Callisto Legnani a 1883. A gidansa ba zagi ba bulala. Sa'ad da zai bar ƙasar, ita ce ta roƙe shi ya tafi da ita. Suka bi hamada a kan raƙuma zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, Khartum ta faɗi a hannun Mahadi a Janairun 1885, su kuma suka sauka a Jenowa a watan Afrilu. A nan matar abokinsa Augusto Michieli ta nuna tana son yarinyar, Legnani kuwa ya ba ta, kamar yadda ake ba da tsaraba. Mutumin kirki ne a cikin labarin, duk da haka saye ya yi, kyauta kuma ya yi da ita.

Ranar da ta ce a'a

Iyalin Michieli suna zaune a Zianigo, kusa da Venis. Bakhita ta zama mai renon 'yarsu da ake kira Mimmina, wadda aka haifa a 1886. Maigidan yana da otal a Sawakin, har sun taɓa komawa can da ita na wasu watanni. Wakilin dukiyarsu, Illuminato Checchini, shi ne ya fara yi mata maganar Almasihu, ya ba ta ƙaramin gicciye na azurfa, shi ne kuma ya matsa a bar ta a wajen sistocin Kanosa. Wannan ƙungiyar sistoci ce da Magdalene ta Kanosa ta kafa a Verona a 1808, suna kuma lura da wani gida a Venis inda ake koyar da masu shirin baftisma. A ƙarshen 1888 uwarɗakin ta bar Bakhita da Mimmina a gidan, ta tafi wajen mijinta a Sudan.

Bayan shekara guda ta dawo ɗaukarsu, domin iyalin sun ƙudura su tare a Sawakin. Bakhita ta ce ba ta zuwa. Kwana uku matar tana lallashi, tana faɗa, tana kiranta butulu. Ba ƙaramin abu ba ne, domin wannan uwarɗakin ba ta taɓa tsaga ta da aska ba, ta ci da ita, ta tufatar da ita, Bakhita kuma tana ƙaunar Mimmina ƙwarai. Ta san in ta koma ba za ta iya ci gaba da koyon bangaskiyar da ta soma ba. Magana ta kai ga Babban Bishop na Venis da lauyan gwamnatin sarki. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka Bakhita 'ya ce, ba mai iko da ita. A karo na fari tun tana yarinya aka bar mata zaɓi, ta zaɓi ta zauna.

Ranar 9 ga Janairu 1890 Kadinal Domenico Agostini ya yi mata baftisma. Aka sa mata Josephine Margaret Fortunata, na ƙarshen nan fassarar Bakhita ne. Ta shiga horon zama sista a Disambar 1893, ta ɗauki wa'adi ranar 8 ga Disamba 1896.

Akwai wata kalma da ta riƙe har mutuwarta. A yaren mutanen Venis ana ce wa maigida ko mai bawa Paron, da wannan kalmar kuma take kiran Allah. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin kalmarmu ubangiji haka take: akwai ubangijin bawa, akwai Ubangiji. Ta ce tun tana ƙarama in ta dubi rana da wata da taurari takan tambayi kanta ko wane ne mai su, tana marmarin ta san shi ta gaishe shi. Paparoma Benedict na 16 ya ɗauki wannan a farkon wasiƙarsa kan bege, Spe Salvi, ta 2007. Ya nuna cewa bayan iyayengiji masu duka da raini, ta ji labarin wani Ubangiji da ya fi su duka, wanda ya san ta, yana ƙaunarta, shi ma kuma an yi masa bulala. Wani zai ce ai canjin ubangida kawai ta yi. Amma sanin wannan Ubangijin ne ya ba ta bakin ce wa uwarɗakinta a'a, abin da ba ta taɓa iya yi ba a cikin shekara goma sha biyu.

A 1902 aka tura ta garin Schio a lardin Vicenza, inda ta yi kusan dukan sauran kwanakinta. Ta yi aikin dafa abinci, da ɗinki, da lura da kayan sujada, da tsaron ƙofa. Mutanen garin suna ce mata Madre Moretta, wato baƙar uwa. A 1910 aka sa ta ba da labarinta aka rubuta, a 1931 kuma Ida Zanolini ta fitar da littafi a kanta wanda ya sa sunanta ya bazu. Daga nan aka yi ta yawo da ita gari gari a Italiya don a tara wa aikin mishan goyon baya. Bai kamata a ɓoye ba cewa da yawa kallon baƙar mace suka zo yi, a shekarun da Mussolini ke mamayar Habasha, ita ma kuma ba ta jin daɗin a tsai da ita gaban taro. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947 bayan doguwar jinya.

Abin da ake nufi da waliyyiya

A Sabon Alkawari dukan masu bi ake kira tsarkaka, Katolika ma ba ta musun wannan. Abin da take yi shi ne ta bincika rayuwar wani da ya rasu, in ta gamsu sai ta shaida a fili cewa yana tare da Allah, ya isa a yi koyi da shi, ana kuma iya roƙonsa ya yi wa masu rai addu'a. Ana bin matakai. An buɗe binciken Bakhita a 1959. A 1978 aka amince ta yi rayuwar nagarta ta musamman. Ranar 17 ga Mayu 1992 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kira ta mai albarka, a 2000 kuma ya kira ta waliyyiya, bayan an karɓi warkewar wata mata a Burazil daga gyambon ciwon sukari a matsayin mu'ujiza. Gwamnatin Sudan ta hana yaɗa labarin a 1992, amma a Fabrairun 1993 Paparoman ya je Khartum ya ambace ta a gaban dubban mutane.

A nan ne Katolika da Furotesta suka rabu. Katolika tana bambanta sujada, wadda ta Allah ce kaɗai, da girmamawa, wadda ake yi wa waliyyai, tana kuma cewa roƙon addu'arsu kamar roƙon addu'ar ɗan'uwa ne, tun da mutuwa ba ta raba jikin Almasihu. Ikkilisiyoyin Furotesta suna cewa Nassi bai umarci a roƙi waɗanda suka rasu ba, suna kafa hujja da 1 Timoti 2:5 cewa matsakanci ɗaya ne. Wannan saɓani na gaske ne, tun ƙarni na 16 yake. Bai hana kowane ɓangare duban rayuwar mai bi ya koyi wani abu ba, yadda Ibraniyawa 11 ta jera mutanen da.

Gafararta, da abin da bai kamata a yi da ita ba

Abu na fari shi ne lokacin da ta yi maganar. Ta yi ta ne tana dattijuwa, shekaru da yawa bayan ta sami 'yanci, tana zaune inda ba mai iya taɓa ta. Ba wanda ya je ya same ta kwance cikin jini a El Obeid ya ce ta sumbaci hannun mai askar. Dalilin da ta bayar kuma nata ne: ta ce da abin bai faru ba, da ba ta zama Kirista da sista ba. An kuma shaida cewa tana yi wa waɗanda suka azabtar da ita addu'a, tana cewa ba su san irin cutar da suke yi ba, abin da ke tuna mana da addu'ar Yesu a kan gicciye a Luka 23:34. A ganina wannan alheri ne daga zuciyarta, ba hukuncin tarihi ba ne. Wanda ya ɓuya a daji yana jiran yarinya ta rabu da 'yar'uwarta ya san abin da yake yi. Fitowa 21:16 ta yanke wa mai satar mutum hukuncin kisa, 1 Timoti 1:9-10 kuma ta jera masu cinikin mutane tare da masu kisankai.

Kuskure na fari da ake yi da maganarta shi ne a ce ashe bautar alheri ce, tun da ita ta kai ta ga baftisma. Da wannan hujjar Turawa masu cinikin bayi suka yi ta kwantar da lamirinsu ɗaruruwan shekaru. Littafin koyarwar Katolika na 1992, wato Katikisim, ya faɗa a fili cewa ba a yin mugunta don nagarta ta fito daga ciki, Bulus ma ya la'anci wannan tunani a Romawa 3:8. Dubi Yusufu a Farawa 50. Ya ce wa 'yan'uwansa Allah ya juya abin ya zama alheri, amma a numfashi ɗaya ya kira abin da suka yi mugunta. Bakhita mutum ɗaya ce da ta tsira. Ba ta ƙara ganin yayarta ba, ba ta ƙara ganin uwarta ba, waɗanda suka mutu a hanyar El Obeid kuwa ba wanda ya ƙidaya su. Tana da ikon faɗin abin da ta faɗa game da tabon jikinta. Mai wa'azi ba shi da ikon faɗinsa a madadin wani.

Kuskure na biyu ya fi kusa da mu. Shi ne a ɗauka gafara tana nufin komawa. Mace ta gudo daga gidan da ake dukanta, ko yarinya 'yar aiki ta tsere daga inda ake lalata da ita, sai dattawa su taru su ce ta yi haƙuri ta koma, in ta ƙi a ce ba ta yafe ba. Haƙuri abu ne mai daraja, amma mun saba ɗora shi a kan wanda ba shi da ƙarfi. Akwai abubuwa uku da ake cakuɗawa a nan. Gafara ita ce mutum ya saki ramuwa, ya bar wa Allah, ya daina fatan sharri ga wanda ya cuce shi. Mutum ɗaya yana iya yin ta ko da mai laifin bai tuba ba, ko bai san inda yake ba, kamar yadda Bakhita ba ta taɓa sake ganin masu satarta ba. Sulhu kuwa sai mutum biyu, sai kuma da tuba da canjin hali da ake iya gani. Adalci aikin hukuma ne, Romawa 13 ta ce don haka aka ba ta takobi, yafewar wanda aka cuta ba ta sallami hukuma daga aikinta ba. Bakhita ta yi ta farkon, ba ta sami zarafin na biyu ba, ta kuma ci moriyar na ukun a Venis.

Nassi yana bayanta. Kubawar Shari'a 23:15-16 ta hana a mai da bawan da ya gudo ga ubangijinsa, a lokacin da dokokin ƙasashen da ke kewaye da Isra'ila suke umartar a mai da shi. A 1 Korintiyawa 7 Bulus ya ce wa bawa in ya sami hanyar 'yanci ya bi ta. Za a ce to ai Bulus ya mai da Onisimus wurin Filimon. Haka ne, amma da wasiƙar da za a karanta gaban ikkilisiya, yana cewa a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, yana ɗaukar bashinsa a kansa, yana kuma sanar da cewa shi ma yana nan tafe. Wanda zai mai da wani inda ya gudo sai ya tambayi kansa ko ya shirya tsaya masa haka.

Koyarwar Katolika ta zamani ta tsaya a kan wannan. A wasiƙarsa kan jinƙai ta 1980, Yohanna Bulus na Biyu ya ce gafara ba ta soke abin da adalci ke bukata, ba kuma ɗaure wa mugunta gindi ba ce. Shi kansa ya nuna haka. Mehmet Ali Agca ya harbe shi ranar 13 ga Mayu 1981, ya yafe masa a fili cikin 'yan kwanaki, ya ziyarce shi a kurkuku a Disambar 1983, amma mutumin ya zauna a kurkukun Italiya har 2000. Ta ɓangaren mai laifi kuma, Katikisim ya ce wanda ya furta zunubinsa aka yi masa gafara dole ne ya gyara abin da ya ɓata gwargwadon iyawarsa: ya mai da abin da ya sata, ya wanke sunan wanda ya yi wa ƙazafi, ya biya diyyar raunin da ya yi. Zakka a Luka 19 bai tsaya a baƙin ciki ba, ya ce zai mayar ninki huɗu.

Sai batun mantuwa. Mukan ce a yafe a manta, kamar su biyun tagwaye ne. Katikisim, inda yake bayanin Addu'ar Ubangiji, ya yarda cewa ba shi cikin ikonmu mu daina jin zafin laifi ko mu manta shi. Abin da Ruhu Mai Tsarki yake yi shi ne ya mai da zafin ya zama tausayi da addu'a. A kwanakinta na ƙarshe, cikin zafin ciwo, hankalin Bakhita ya koma zamanin bauta, tana roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙoƙin domin sun yi nauyi. Shekara 57 ke nan bayan ta sami 'yanci. Duk mai ba da shawara a ikkilisiya ya kamata ya san wannan, don kada ya ce wa wanda mafarkin tsoro ke farkar da shi da dare wai alama ce bai yafe ba.

Hannun Ikkilisiya kanta

Ba daidai ba ne a mai da labarin Bakhita sandar dukan maƙwabta. Gaskiya ne Larabawa da Turkawa Musulmi ne suka sace ta suka azabtar da ita, gaskiya ne kuma Turawa Kirista ne suka saye ta, suka yi kyauta da ita, suka nemi riƙe ta. Tarihin Roma ma a kan bauta ba fari tas ba ne. A 1452 da 1455 Paparoma Nikolas na 5 ya ba sarkin Fotugal izinin bautar da waɗanda ba Kirista ba da ya ci da yaƙi. A 1838 limaman Jesuit na Maryland a Amurka suka sayar da bayi 272 don biyan bashi, har da na kwalejinsu ta Georgetown. Sai a 1839 Gregory na 16 ya la'anci cinikin bayi, Leo na 13 ya ƙara a 1888, babban taron Vatikan na biyu kuma a 1965 ya sa bauta da sayar da mata da yara cikin abubuwan da ke wulakanta ɗan'adam. Katikisim ya sa sayen mutum da sayar da shi a ƙarƙashin dokar da ta hana sata, wadda ita ce ta bakwai a lissafin Katolika, ta takwas a na Furotesta. A Fabrairun 1992, wata uku kafin ya kira Bakhita mai albarka, Yohanna Bulus na Biyu ya je tsibirin Gore a Senegal ya roƙi gafara saboda hannun Kirista a cinikin bayi. Ikkilisiyar da ke ɗaukaka mai yafewa ita ma tana cikin masu bukatar a yafe musu.

Safarar mutane a yau

Tun 2015, da goyon bayan Paparoma Francis, Katolika ta mai da 8 ga Fabrairu ranar addu'a da wayar da kai kan safarar mutane. Waɗanda suka fi ɗaukar nauyin aikin sistoci ne, ta hanyar haɗakarsu mai suna Talitha Kum da aka kafa a 2009, sunan da aka ɗauko daga kalmomin da Yesu ya tashi 'yar Yayirus da su.

Ƙasar da Bakhita ta sami 'yanci ita ce yau ake kai 'yan matanmu bauta. Hukumar IOM mai kula da masu ƙaura ta ƙidaya mata 'yan Najeriya sama da 11,000 da suka isa Italiya ta teku a 2016, ta kuma kiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari an kawo su ne don a tilasta musu karuwanci. Yawancinsu daga Edo suke, amma hanyar ta ƙasarmu take bi, ta Kano da Damagaram da Agadas zuwa Libiya. Ba a sa musu sarƙar ƙarfe. Bashi ake ɗora musu, wanda kan kai Yuro 30,000, da rantsuwa a wurin boka cewa in sun gudu za su mutu ko su haukace. Shi ya sa abin da Sarkin Benin, Oba Ewuare na Biyu, ya yi a Maris 2018 ya yi tasiri, sa'ad da ya tara bokaye ya warware dukan irin waɗannan rantsuwoyi. Najeriya tana da hukumar NAPTIP tun 2003 don kama masu wannan sana'a. Akwai kuma irin wadda ba ta ƙetare teku: yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, ta ƙare tana aiki daga asuba zuwa tsakar dare, kuɗinta na shiga hannun dillaliya, a gidan da watakila ake addu'ar iyali kowace safiya. In ta ce za ta tafi, kalmar da aka jefi Bakhita da ita ake jifanta da ita, butulu.

Shari'ar da ta fi kama da ta Venis a yankinmu ita ce ta Hadijatou Mani a Jamhuriyar Nijar. An sayar da ita a 1996, tana 'yar shekara 12, a kan jaka 240 na sefa, a matsayin wahaya. Nijar ta mai da bauta laifi a dokarta a 2003, a 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Ta tafi ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida wai ta yi aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008, shekara 119 bayan hukuncin Venis, kotun ta ce an riƙe ta a bauta, gwamnatin Nijar kuma ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.